Nitros a zafin Yamai: kwalbar ce farkon abin dubawa

Mai son sa wa motarsa nitros, wato gas ɗin da ake fesa wa inji don ƙara masa ƙarfi, a Yamai ya fara da kwalbar da gas ɗin ke ciki. Ya kamata matsinta ya tsaya tsakanin bar 62 da 65 (bar ma'aunin matsi ne). A Afrilu kuwa, zafin but ɗin mota, inda kwalbar take, yakan wuce digiri 36, ruwan gas ɗin ya koma iska, matsi ya haura. Kar a bar ta a rana, kuma bututun fitar da iskar kwalbar ya leƙa wajen mota.

Oksijin ne gas ɗin ke ƙara wa inji, don haka dole esansi ya ƙaru tare. In ya gaza, fistan narkewa yake yi. Inji mai silinda 4, ƙarin ƙarfin doki 50 ya ishe shi. A jinkirta tartsatsi da digiri 2, a sa buji mai sanyi, wato mai saurin fitar da zafi, kar a danna nitros in inji na ƙasa da juyi 3000 a minti.