Kyau ya rufe min ido a harkar Notgeld

Ƙannena masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi, ku matso ku ji yadda na tafka wauta a kan Notgeld, wato kuɗin gaggawa na Jamus. Ranar da na fara ganinsu a wata kasuwar gwanjo a Hamburg ne, wani dattijo ya zuba su cikin kwalin takalmi, ni kuwa idona ya faɗa kan masu kala, ga hoton coci ga gonaki ga mai sarewar nan na tatsuniyar garin Hameln da ɓeraye ke bi, sababbi fil ko lanƙwasa babu. Na kwashi kusan talatin ko tayi ban yi ba, a raina wai na tsinci dami a kala, kuɗin yaƙi ne.

Ashe ko ƙurar yaƙi ba su gani ba. Abin da ya faru shi ne, da yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a 1914 mutane suka ɓoye sulallan azurfa, canji ya ɓace, sai garuruwa da kamfanoni suka shiga buga nasu takardun don a samu na biyan lebura da sayen burodi. Daga 1916 kuma aka riƙa janye kwabban tagulla da nikel saboda makamai, shi ya sa za ka ga takardun Pfennig (kwabon Jamus na lokacin) 10, 25 da 50 birjik. Na 1914 ɗin nan munana ne wallahi, ɗan kwali ne kawai da hatimi da sa hannun alƙalami, wasu ma da tafireta aka buga. Nawa masu kyan kuwa Serienscheine ake ce musu, wato masu fitowa saiti-saiti, yawanci na 1921 ne, yaƙi ya ƙare tun 1918, garuruwa sun gano akwai masu tarawa sai suka mayar da abin sana'a, har sai da gwamnati ta hana a Yulin 1922. Da yawansu yau yuro ɗaya ko biyu ne.

Don haka ka duba shekara kafin ka duba hoto. In kuma masu kalar kake so, ba laifi, ni ma har gobe ina son su, amma ka saya cikakken saiti, don sau da yawa guda huɗu ko shida ake fitar da su, ni tsinte-tsinte na yi, ba wanda ya cika.

Babbar ɓarnar kuma da hannuna na yi ta, na goge wasu da ayan, sannan na kai aka yi musu laminatin kamar takardar sakandare wai kar su lalace. Wani mai harkar da na nuna wa kallo ɗaya ya yi ya turo min abina. Aljihun leda marar PVC (wata irin roba mai ɓata takarda) ake sa su, a wuri mai sanyi mara danshi, gam da salatif kuwa ko kusa.

Har yau ina tuna wani ɗan kwali ruwan ƙasa mai hatimi shuɗi da na ture gefe a kwalin dattijon nan don ya yi datti. Na koma bayan sati biyu, an saye.