Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kaurar Inna a Bayan Gida

A makon jiya na tsaya ne a inda Allah Ya ba mu sa'a muka fito da Inna daga ƙauye, a ƙarshen daminar 2020, lokacin da 'yan bindiga suka hana mutanenmu na yammacin Faskari taka gonakin da ke nesa da gari. Ta iso gidana na Funtuwa da akwatin ƙarfe ɗaya, da butarta, da wani ƙullin tsumma da ba ta yarda kowa ya riƙe mata ba ko a cikin mota. Uwargida ta zaci kuɗi ne ko 'yan kunne. Da aka kwance ƙullin sai ga zangarniyar dawa 'yan kaɗan, kaura ce mai manyan ƙwayoyi ruwan ɗorawa.

"Iri ne," in ji ta. "Na gandun mahaifinku. Na tarar ana shuka shi tun ranar da aka kawo ni gidan."

Duk wanda ya tashi a gidan noma na wancan zamani ya san abin da take nufi. Mu a gandu muka tashi. Da safe kowa yana gonar gida a bayan Baba har azahar, da yamma kuma kowa ya nufi 'yar gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Irin da ake shukawa a gandu ba a sayo shi a kasuwa. Kowace kaka maigida yakan zaɓi zangarniyar da ta fi cika, a rataye ta a madafa inda hayaƙi zai kore mata ƙwari, har damina ta zagayo. Haka wannan kaura ta yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, ga shi yanzu ta ƙare a cikin tsumman tsohuwa, a garin da ba ta da ko taku ɗaya na gona.

Filin da na gina gidana rabinsa kawai na iya ginawa da kuɗin sallamata daga koyarwa. Sauran, kamar taku ashirin a tsaye da goma sha biyu a kwance, yana nan a baya, an zagaye shi da katanga, ya zama wurin ajiye ragowar bulo da zubar da shara. Tun watan azumi Inna ta fara zuwa tana tsayawa a bakin wurin da sandarta. Ba ta ce mini komai ba. Ni ma na gane, sai na sa yara muka fara kwashe bulo.

Ƙasar cikin gari daban take da ta daji. Leda ce a binne ko'ina, da fasassun kwalabe, da burbushin siminti, ga ta a taurare saboda tattaki. Mun yi ta tonewa muna tsincewa. Daga nan muka zuba kashin awakin uwargida da aka daɗe ana tarawa, da tokar murhu, da kashin kaji. Shi kashin kaji Inna ta hana a zuba shi ɗanye, ta ce zafinsa yana ƙone tsiro, sai ya kwana biyu a tare ya ruɓe tukuna. Muka yi huɗa da garma, kunya-kunya, muka bar wa ruwa hanyar fita ta ƙasan katanga, domin dawa tana jure fari amma jaririn tsiro ba ya son ya kwana a cikin ruwa.

Ruwan farko da aka yi a watan Mayu yara suka ɗauko iri da murna. Inna ta sa aka tona mata rami, ta zura hannu, ta ce a mayar da iri ɗaki, laimar ba ta kai tafin hannu ba. Da irin da ke hannunmu mai yawa ne da an yi binne an jira rahamar Allah, kamar yadda ake yi a ƙauye. Amma wannan shi ke nan, in ya tsiro rana ta kashe shi babu wani. Sai a cikin Yuni, da ruwa ya zauna, ta ba da izini. Ni na riƙe sungumi ina sara, jikokina suna bi suna jefa ƙwaya huɗu ko biyar a kowane rami suna takewa da diddige, ita kuma tana zaune a kan kujerar tsuguno tana gyara musu.

"Kai miji, ba haka ake rufewa ba," take ce wa ƙaramin jikana, wanda take tsokana da sunan miji. "Ka danne shi a hankali. In ka zurfafa ba zai ga rana ba."

Bayan kamar mako uku muka yi cira, muka bar biyu-biyu a kowane gindi. Waɗanda aka cire ba a zubar ba. An jira yammacin da hadari ya haɗu, aka datse musu kan ganye, aka dasa su a inda shuka ta yi giɓi. Dawa da gero suna karɓar dashe, masara ce ba ta cika so ba. Daga nan sai noman firi, sai maimai, wanda a fili irin wannan aikin hantsi ɗaya ne. Wuta-wuta ta ɗan leƙo a gefen gabas, muka tumɓuke ta tun ba ta yi fure ba, muka ƙone. Wannan ciyawa tana tsotsar dawa ne daga saiwa, kuma ƙwayar irinta tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma tana jira, don haka wanda ya bar ta ta zubar da iri a ƙaramin fili ya ɗauko wa kansa dogon aiki.

A kusurwar da ta rage na shuka masara saboda yara su samu ta gasawa, da ɗan gero saboda tumu da fura. A nan ne na lura da wani abu da manomin babbar gona ba ya ma buƙatar tunaninsa. Wani maƙwabcina ya shuka masara layi ɗaya tak a jikin katangarsa, ta yi kyau, ta yi kore shar, amma da ya ɓare goyon sai ya tarar da ƙwayoyi jefi-jefi kamar bakin tsoho. Dalili shi ne garin furen da ke can saman masara sai ya faɗo a kan gemun goyo, kuma kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake haifarwa. Iska ce ke wannan aiki. In layi ɗaya ne, iskar takan kwashe garin ta watsar a tsallaken katanga. Shi ya sa a ƙaramin wuri gara a shuka ta a dunƙule, gajerun layuka huɗu ko biyar kusa da juna, kuma idan ta fidda kai a riƙa girgiza karan da hantsi. Wannan dalilin ne kuma ya sa masara da gero suke saurin gauraya da na maƙwabta, iri ya canja. Dawa kuwa mafi yawanci kowace zangarniya da furenta take wadatuwa, saboda haka kaurar Inna tana iya zama a tsakiyar gari shekara da shekaru ba ta rikiɗe ba. Da na fahimci haka hankalina ya kwanta ƙwarai.

Masarar ta sha fama da tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016, mai shiga cikin kunnen masara ta cinye sabon ganye. A babbar gona sai feshi. Mu kuwa da asuba muke bi gindi-gindi muna tsince ta da hannu, mu barbaɗa toka da yashi a cikin kunnen, wani lokaci mu yayyafa ruwan ganyen darbejiya da aka jiƙa. Ban so in kawo maganin feshi inda yara ke wasa kuma awaki ke kwana.

Gero ya nuna a watan Satumba, masara ma an gasa an cinye, amma kaura tana ta tsawo abinta, ta wuce katanga, babu alamar kai. Uwargida ta fara damuwa.

"Malam, anya dawar nan za ta haihu kuwa? Ko ƙasar gari ce ba ta karɓe ta ba?"

Inna ce ta amsa mata. "Kwantar da hankalinki, 'yar nan. Kaura ba a yi mata gaggawa. Sai ruwa ya kusa ɗaukewa."

Gaskiyarta. Irin wannan dawa ta gargajiya da tsawon dare take aiki. Ko ka shuka ta da wuri ko ka makara, ba ta fidda kai sai dare ya fara tsawo a ƙarshen damina, don ƙwayarta ta nuna a busasshiyar iska ba tare da ruwa ya ɓata ta ba. A wannan jiran ne wasu maƙwabta suka yi ƙorafin sauro da maciji. Ban raina maganarsu ba. Sauro a ruwan da ya kwanta yake haihuwa, amma yana fakewa a duhun ganye, don haka muka riƙa zage tsofaffin ganyen ƙasa, iska tana ratsawa, ana hango gindin kowane kara. Awaki suka samu abinci. Abu ɗaya da Inna ta ja mana kunne a kai shi ne kada dabba ta kusanci ƙaramar dawa ko gyauron da ke tohowa bayan girbi, domin yana da dafin da ke kashe akuya nan take.

Babban yaƙin shi ne na tsuntsaye. A daji gonaki dubu ne, ɓarnar takan rabu. A cikin gari kuwa filinka ne kaɗai ke da hatsi a unguwa, duk tsuntsun da ke yankin da tattabarun maƙwabta a kanka za su sauka. Mun ɗaura gwangwanaye da tsakuwa a igiya yara suna ja, ya yi aiki na 'yan kwanaki, suka saba. Abin da ya cece mu tsofaffin gidajen sauro ne. Uwargida ta yayyanka su ta ɗinka ƙananan jakunkuna, muka riƙa lanƙwaso kara a hankali muna sa wa kowace zangarniya tata. Leda ba ta yi, tana tara gumi ƙwaya ta yi fumfuna.

Kafin a sa wuƙa, a watan Nuwamba da hunturu ya fara busawa, Inna ta sa na riƙe mata hannu muka bi layi-layi. Duk karan da ta ga ya tsaya da ƙarfi, zangarniyarsa ta cika babu baƙi, sai ta ce a ɗaura masa tsumma. Waɗannan aka fara yankewa aka ware, ba a haɗa su da na ci ba. Sauran aka shanya, mata suka sussuka a turmi, suka sheƙe.

Abin da aka auna bai wuce tiya goma ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya karanta ya ɗauka bayan gida zai ciyar da iyali. Ko a gona, hekta guda ta dawar gargajiya buhu goma da 'yan kai take bayarwa a shekarar da aka dace, to ina ga taku ashirin? Zakka ma ba ta hau kanmu ba, tunda nisabin hatsi ausuƙi biyar ne, wato sa'i 300. Duk da haka Inna ta sa aka kai kwano-kwano gidajen maƙwabta, har da waɗanda suka yi ƙorafin sauro, ta ce ba a cin sabon hatsi a ɓoye. Daren da aka tuƙa tuwon farko da miyar kuka ta ci fiye da yadda na ga ta ci tun zuwanta Funtuwa.

Na san akwai iri na zamani masu kyau. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar da gajeren kaura da wasu ire-iren dawa masu saurin nuna, kuma wanda ke neman yawan amfani a ƙaramin wuri ina ba shi shawara ya neme su. Amma doguwar kaura tana ba da abin da ba a aunawa da tiya. Karanta shi ne danga, shi ne makamashi, ganyenta abincin dabba, ga tuwonta da ba ya saki ko ya kwana. Mutanenmu sun zaɓe ta ne shekara bayan shekara don ta dace da ƙasarsu da bakinsu.

Amfanin filin na gaskiya sai daga baya ya bayyana. Mutanen ƙauyenmu da suka watsu a Funtuwa da Zariya da Kano, da yawa sun fito ba su ɗauki komai ba, wasu an ƙone musu rumbuna, wasu yunwa ta sa sun cinye irin. Labari ya kai musu cewa kaurar gidanmu tana nan. Sai ka ji sallama, dattijo ya zo gaida Inna, bayan an gama gaisuwa da jajanta wa juna ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ko za a taimaka mana da ɗan iri?" Ba ta taɓa hana kowa ba, sharaɗinta ɗaya ne, in ya girbe shi ma ya ba wani. Bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hatsi ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, sai ga ma'aikata da 'yan kasuwa na unguwarmu, waɗanda a da ko fartanya ba su mallaka ba, suna zuwa tambayar yadda ake huɗa da tazarar rami. Kangon da ke layinmu duk ya koma masara da dawa a daminar da ta biyo baya.

A farkon daminar 2024 ne, ƙanena ya zo daga Zariya da daddare. Bayan ya ci abinci ya ce mini, "Yaya, na yanke shawara zan koma gida in noma gonar bakin gari. Ina so ka roƙar mini Inna ta ba ni iri." Na ce ya bari sai da safe. Yadda muka kwashe da Inna a kan wannan magana, da abin da ƙanena ya tarar a ƙauye, shi zan kawo muku a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.