Sak na ce mata, ban faɗa mata ɗan gidan wa ne ba

A zaɓen 2015 akwatuna huɗu aka damƙa mini a mazaɓarmu, kuma ban taɓa yin kamfe mai sauƙi irinsa ba. Da kalma ɗaya muke shiga gida mu fito: sak, wato a zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Tun zamanin jam'iyyar ANPP ake jin kalmar a bakin magoya bayan Buhari, sai dai ba kullum take ci ba. A 2011 CPC, jam'iyyarsa a lokacin, ta lashe ƙuri'un shugaban ƙasa a jihohi 12 na Arewa, da aka zo zaɓen gwamnoni kuwa Nasarawa kaɗai ta samu, domin jama'a sun yi wake da shinkafa, wato sun gauraya jam'iyyu wajen zaɓe. Amma a 2015 ƙasa ta rabu gida biyu, ga bama-bamai, ga fushi, ko kana tare da canjin da APC ta Buhari ke tallatawa ko kana tare da masu mulki. Wa ke da lokacin tambayar wane ne ɗan takarar majalisar jiha?

Mutum ɗaya ta tambaye ni, wata tsohuwa a bayan layinmu da kowa ke ce wa Inna. Ta riƙe fastar ta ce, "Ɗan nan, babban na san shi. Shi wannan na ƙasan ɗan gidan wa ne?" Na ce, "Inna, bar wannan, ki dai dangwala a alamarmu." Gaskiyar magana ni kaina sau biyu na taɓa ganinsa.

Ranar 11 ga Afrilu muka ci, da tazara mai yawa. Daga nan ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Famfon unguwa ya lalace, rufin aji biyu na firamare ya yaye, kuma ba wanda ya nemi ofishin jam'iyya, ƙofar gidana ake zuwa. Wata rana na durƙusa gaida Inna, ta amsa, sannan ta ce, "Kai ka ce mu yi." Har yau maganar nan tana ci mini rai, domin da mutuncina na ci bashin ƙuri'arta na miƙa wa wanda ban sani ba.

Haushin wannan ya sa a 2019 na koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Wani tsohon hedimasta da ya koyar da rabin samarin garinmu ya karɓi tikitin wata ƙaramar jam'iyya, muka bi shi. Cancanta muke tallatawa, a majalisu da wuraren ɗaurin aure da masu shayi, sunansa kawai. Kowa na cewa Malam mutumin kirki ne. Abin da muka raina shi ya kayar da mu: takardar ƙuri'a a Najeriya ba ta ɗauke da sunan ɗan takara ko hotonsa, alamar jam'iyya ce da haruffanta. A shekarar jam'iyyu 91 ke da rajista, takardar ta yi tsawo, alamomin sun yi ƙanana. Ranar 9 ga Maris ina tsaye a matsayin ejan, ina jin mata a layi suna tambayar juna ina hoton Malam yake, ni kuma ba ni da ikon bin kowa wurin dangwale. Wasu suka lalata ƙuri'a, wasu suka koma alamar da hannunsu ya saba.

Akwai kuma waɗanda suka gane alamar sarai suka ƙi. Wani abokina ya ce, "Ina son Malam, amma in na ba shi, waɗancan na taimaka wa." Idan gaba ta yi zafi tsakanin manyan jam'iyyu biyu, tsoron kada abokin hamayya ya ci yana rinjayar ƙaunar mutumin kirki, kuma ban samu amsar da zan ba shi ba. Wata biyu bayan haka Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a Zamfara saboda ba a yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, sai na ƙara gane cewa ko a idon doka ƙuri'ar nan a wuyan jam'iyya take rataye.

A 2023 na raba aikin biyu. Watannin farko na mutum ne: na gindaya sharaɗi ba zan liƙa fastar kowa ba sai ya zo zauren mai unguwa ya zauna a tabarma an yi masa tambayoyi, ya kuma bar lambar da shi da kansa yake ɗauka. Mutum biyu suka ƙi, na bar su. Kwana goma na ƙarshe kuwa na alama ne zalla. Muka buga samfurin takardar ƙuri'a, muka bi gida gida da tawada, 'yan mata suna nuna wa iyayensu gurbin da yadda za a naɗe takardar kada tawada ta taɓa wani gurbi.

Gidan Inna na bari sai da ɗan takarar da ya cika sharaɗin ya samu zuwa. Ido ya yi mata rauni, ta shafa takardar ta sake tambayar da ta yi mini shekara takwas baya. Na faɗa mata sunan mahaifinsa da unguwarsu, na ce, "Ga shi nan a zaure, Inna, in ce ya shigo ya gaishe ki?" Ta ce a shimfiɗa masa tabarma.