Kai iyalai hutu kurmin Gana: yadda aikin yake daga Yamai

Ƙaramin kamfanin shirya tafiye-tafiye gare ni a Yamai, kuma abin da ke riƙe da biro ɗinmu shi ne sayar da tikitin jirgi da hidimar masu zuwa Umra. Amma ɓangaren da na fi ba ƙarfi, ko da yake ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, shi ne kai iyalai hutu kudancin Gana, inda kurmi yake dab da teku, tsakanin Kef Kos da Elmina da gandun dajin Kakum. Mafi yawan aikin a nan Yamai ake yin sa, tun kafin a ɗaure kaya, domin mutumin da ya tashi cikin rairayi da ƙaya yana da irin dajin da yake tsammani a ransa, kuma ba shi zai tarar a can ba.

Lokacin tafiya ne gardamar farko. Mutane sun fi zuwa mini a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce maki 40, suna neman inda za su sha iska, alhali a daidai wannan lokacin ne babbar damina ke kankama a gaɓar tekun Gana, ta kai ƙarfinta a Yuni. Shi ya sa nake karkata su zuwa Agusta, wanda ruwa ke tsagaitawa a can, gari ya yi sanyi-sanyi, kuma ƴan makaranta suna dogon hutu, ko kuwa ƙarshen Disamba.

A da ta ƙasa muke bi: Doso, Gaya, gadar Malanbil, Paraku, Kwatano, tafiyar da ita kaɗai ta fi kilomita 1,000, sannan Lome da Akra. Rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 ya sauya lissafin, kuma ni ba na ɗora mata da yara a kwalekwale don a tsallaka kogi. Saboda haka jirgin sama muke shiga ta Lome ko Abijan, abin da ya sa kuɗin tafiya ya tashi, masu iya biya suka ragu. Daga Akra zuwa Kef Kos kusan kilomita 150 ne, sai dai cunkoson motocin garin Kasowa da ke kan hanya na iya cinye rabin safiya. Takardar da ba na wasa da ita ita ce katin rigakafin cutar shawara, domin Gana ba ta karɓar baƙo sai da shi, kuma allurar na bukatar kwana 10 kafin katin ya fara aiki.

Kakum yana arewa da Kef Kos da kimanin kilomita 30, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 375, kuma a 1992 ya zama gandun daji na ƙasa. Abin da ya yi suna da shi shi ne gadoji 7 na igiya da raga da katako, waɗanda aka rataya daga wannan icce zuwa wancan a 1995, tsawonsu duka kusan mita 350, kuma a wani wurin tazararsu da ƙasa na kaiwa mita 40. Kafin a isa gadar farko akwai hawan tudu cikin gumi, ga iska mai nauyi da danshi, irin wadda ke sa riga ta kwana a igiya ba ta bushe ba. Don haka nake tambayar kowa shekarunsa da lafiyar gwiwarsa da hawan jininsa, in kuma ce a bar silifa a masauki a sa takalmi mai rufi, mata kuma su zaɓi hijabin da ba ya jan ƙasa. Wata dattijuwa ta taɓa ce mini, "Ɗana, ni da na yi ɗawafi da ƙafata, gadar igiya ce za ta gagare ni?" Na ce, "Hajiya, ba ƙarfi take so ba, natsuwa take so, don tana lilo." Ta haye, jikokinta ne suka tsaya suna salati a tsakiya.

Magidanta kuwa tambayarsu ɗaya ce, ko za a ga giwa. Gaskiya ne akwai giwayen kurmi a Kakum, ƙanana ne a kan na dawa, da birai iri-iri da tsuntsaye fiye da iri 250, amma ba kamar raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, ba ne da ake hangowa daga bakin hanya. A kurmi ganye ya rufe kome, dabba tana jin motsin mutum ta ɓuya, kuma wanda ya sayar wa mutane wannan tafiya da alkawarin giwa ya yaudare su. Abin da nake alkawari shi ne itatuwan da sai an ɗaga kai har hula ta faɗi kafin a ga ƙarshensu, da inuwar da ba ta yankewa, da gonakin koko a kan hanya. A ganina abin da ya fi burge dattawa ma iccen goro ne, idan aka samu manomin da zai nuna musu shi da kwansonsa: mutum ya shekara hamsin yana cin goro, kakanninsa sun yi fataucinsa daga Gwanja, amma bai taɓa ganin iccensa ba.

Rana guda nake ware wa gidajen bayi na bakin teku. Na Elmina Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, kuma shi da na Kef Kos suna cikin wuraren tarihi da UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su tun 1979. Ba na haɗa wannan ziyara da wasan ruwa a yini ɗaya, domin wanda ya fito daga waɗannan ɗakuna masu duhu ba ya neman raha. Shi kuma teku doka gare shi: igiyar ruwan wannan gaɓa tana jan mutum ciki, kuma iyo a kogin Kwara ba ya sa a iya da ita, saboda haka yara ba sa wuce inda ruwa ke kaiwa idon sahu. Masu son ganin masunta na Elmina ba na kai su ranar Talata, don a al'adarsu ba a fita kamun kifi ran nan.

Abin da ke sauƙaƙa mini aikin duka shi ne zango. Daga Nima a Akra har Kef Kos akwai unguwannin da ake jin Hausa, da masallacin Juma'a, da mahautan da aka yarda da yankansu, da masu tuwo ga wanda banku da fufu suka gundure shi. Ta hannunsu nake samun direba da mai dafa abinci, kuma ina biyansu kafin mu iso, ba bayan mun tafi ba. Wajen kuɗi ne kawai ba ni da sassauci: sefa tana ɗaure da Yuro, sidin Gana kuwa yana hawa yana sauka, shi ya sa farashin da na ba mutum na mako biyu ne, kuma ba na kama ɗakin otel sai an ajiye rabin kuɗi a hannu.