Tuta uku a kan ƙyalle ɗaya

A Aboabo na tashi, nan Kumasi. Fataucin goro ne ya kawo kakana daga Kano, dangin mahaifiyata kuma mutanen Damagaram ne. Da na ƙudurta yin zanen da zai faɗi ko ni wane ne, ba fuska ba gida, launi da layi zalla, sai na ɗauko tutoci uku: ta Ghana, ta Najeriya da ta Nijar.

Karon farko ɓarna na yi. Na haɗa ja da ruwan ɗorawa da kore da ruwan lemo tun fenti bai bushe ba, a tunanina haka jini ke gauraya. Kalar taɓo ta fito. Sati biyu da kuɗin fenti suka tafi. A nan na gane launin tuta ba ya damuwa kamar fura. Sai an shimfiɗa ɗaya ya bushe, a ɗora wani, sannan a kankare da wuƙa har na ƙasa ya leƙo. Zanen marigayi Atta Kwami, wanda ya koyar a jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST a nan Kumasi, shi ya nuna mini yadda launuka ke zaman maƙwabtaka, kowa da iyakarsa.

Na kuma cire baƙin tauraron da Theodosia Okoh ta sa a tsakiyar tutar Ghana a 1957, don kada zanen ya bayyana kansa da wuri. Wani abokina ya duba ya ce, "Gini ce ko Mali?" Gaskiyarsa, ja da rawaya da kore ba namu ba ne mu kaɗai. Na mayar da tauraron, amma na warwatsa kusurwoyinsa biyar cikin zanen.

Kakata ce ta gyara mini aikin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Maigidana, ina shuni?" Na ce, "Hajiya, ai babu shuɗi a tutocin nan." Sai ta ba ni labarin 1969, lokacin da gwamnatin Firaministan Ghana Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana goma sha huɗu su bar ƙasa. Maƙwabtan da aka haifa a Zango suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Ta ce ran nan ba wanda tuta ta rufa wa asiri, da sallama da babbar riga aka riƙa gane ɗan'uwa a tasha.

Ta buɗe adakarta ta ciro tsohon rawanin kakana mai baƙin shuni, ta yanko mini kamu guda. Na ɗinke shi a jikin ƙyallen, na bi ta kansa da launukan tutocin sama-sama, yadda duk inda na kankare shuni ne ke fitowa.

Wani mai saye daga Accra ya taya zanen, ban sallama ba. Yana rataye a ɗakin Hajiya, gefen da take shimfiɗa dardumarta.