Asabar ɗin bazara a Garwa

Zafi ne ya tashe ni yau, tun kafin ladan ya yi kiran farko. An ɗauke wuta da tsakar dare, fanka ta ci gaba da juyawa da ɗan abin da ya rage a batir, da ya ƙare kowa ya ja tabarmarsa zuwa tsakar gida. Haka bazarar Garwa take, nan arewacin Kamaru. Da rana ma'aunin zafi ya haura 40, da dare bango ya riƙa fito da wanda ya sha.

Bayan asuba na zauna da shayi ina bin labarai a waya kamar yadda na saba. Duk shafin fasahar da na buɗe zancen ɗaya ne, ƙirƙirarriyar basira. Tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022 ba a sauka daga kan maganar nan ba. Nvidia, kamfanin da ke tsara ƙwaƙwalwar kwamfutar da ake horar da waɗannan manhajoji da ita, darajarsa ta haye dalar Amurka tiriliyan 4 a Yulin 2025. Ina son abubuwan nan ƙwarai, ina kuma aiki da su a shago idan waya ta zo da cutar da ban saba gani ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai yau shi ne yawan wutar da suke ci.

Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin adana bayanai, inda manyan kwamfutocin da ke gudanar da irin waɗannan manhajoji suke, sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na duk lantarkin da duniya ta yi amfani da shi. A Satumban shekarar, Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 domin a sake tayar da wani injin nukiliya da aka rufe a Three Mile Island, can jihar Pennsylvania ta Amurka, mai ba da megawat 835, kuma shi zai saye wutar. Na ajiye waya na yi lissafi. Madatsar Lagdo, wadda Sinawa suka gina a kan Binuwai aka gama a 1982, injunanta 4 gaba ɗaya megawat 72 suke bayarwa. Ita ce uwar wutarmu daga Ngaundare har Marwa. Ke nan abin da kamfani guda ya kama wa kwamfutocinsa ya ninka Lagdo fiye da sau 11.

Kuma 72 ɗin sai tafki ya cika. Shekara da shekaru yashi da laka suna taruwa a cikinsa, garuruwa suna ƙara girma, sannan watannin da muka fi bukatar fanka da firiji su ne watannin da ruwan ya fi yin ƙasa. Da damina kuwa lamarin juyewa yake, ruwa ya yi yawa a buɗe ƙofofi, danginmu na Jimeta su kira suna tambaya ko gaskiya ne an saki Lagdo, domin ba su manta ambaliyar 2012 da ta 2022 ba. A kudu an gama madatsar Nachtigal a kan kogin Sanaga, megawat 420, sai dai layin kudu daban, namu na arewa daban. Akwai shirin haɗa su har layin ya zarce Njamena, Allah ya nuna mana ranar. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, waɗanda suka fara da kimanin megawat 30 a haɗe, sun rage mana zafi, wannan kam ba a musu.

Ba na jin haushin masu gina manyan kwamfutoci, kowa da inda ƙarfinsa ya kai. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda matasanmu ke kwana muhawara a Facebook kan ko na'ura za ta ƙwace aikin ɗan Adam, alhali telan da ke maƙwabtaka da shagona yakan wuni kekensa na lantarki a tsaye, mai walda yana zaune a kan benci yana jiran a kawo wuta. Su aikinsu yau ake ƙwace shi, a kan idonmu.

Na isa shago da hantsi, yarona ya riga ya share ya jera wayoyin jiya. Yawancinsu Tecno da Itel da Infinix ne, duk 'ya'yan gida ɗaya, kamfanin Transsion na Shenzhen. Cutar bazara ita ce kumburin batir. Na buɗe wata ƙaramar waya da wani mai babur ɗin haya ya kawo, batirin ya tashi har ya ɗaga murfin baya, gam ɗin gefen gilashi ya saki. A kan tankin babur yake ɗaure ta cikin rana, yana caji yana amsa kira. Na nuna wa yaron yadda ake ɗaga irin wannan batir da ledar roba a hankali, kada ƙarfe ya kusance shi, domin huda ɗaya ta isa ya kama da wuta.

Muna cikin haka Kawu ya shigo, ya ɗaga labule yana fifita da hula.

"Kawu, sannu da zuwa. Ya zafi?"

"Zafi lokacinsa ne, ɗana. Janareta ne zai ƙarar da ni."

Kawu yana sayar da ƙanƙara da kunun aya da zoɓo a bakin kasuwa. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, man zuwa-zuwa da ake shigo da shi a jarkoki ya daina zama na talaka, ribar ƙanƙara kuma a tankin janareta take ƙarewa. Na ce masa ya koma sola. Ya girgiza kai ya ce an taɓa haɗa masa, batir biyu manya, ko damina biyu ba su gani ba suka mutu.

Na san irin batiran. Na dalma ne, masu ruwan asid, kuma abu biyu ke kashe su: zafi, da a riƙa zuƙe su har ƙasa kowane dare. Garwa ta haɗa duka biyun. Na jawo wanda nake aiki da shi a shago daga ƙarƙashin tebur, na lithium mai haɗin ƙarfe da fosfet, na ce ya ɗaga ya ji. Ya ɗaga ya ce, "Wannan abin ba nauyi, anya akwai wuta a ciki?" Na bayyana masa cewa na dalma caji da saukewa ɗaruruwa yake yi ya gaji, wannan kuwa dubbai, in dai an haɗa shi daidai an ajiye shi a inuwa. Kuɗinsa na farko ne ke da zafi. Wanda ya raba farashin da shekarun da zai yi, zai ga na dalma ne mai tsada.

Wani abu da nake son tunawa duk lokacin da na taɓa batirin nan: John Goodenough, ɗaya daga cikin mutum 3 da aka ba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019 saboda batirin lithium, yana da shekara 97 aka ba shi, kuma a ɗakin bincikensa na Texas aka gano wannan haɗin na ƙarfe da fosfet. Ga shi yau ana cinikinsa a kasuwar Garwa domin daskarar da kunun aya. A wurina wannan ne babban labarin kasuwancin zamaninmu. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, saboda masana'antun Sin, waɗanda ke ƙera fiye da kashi 80 na duk faifan duniya. Abin da a da sai ofishin ƙungiyar agaji, yanzu yana kan rufin mai cajin waya a ƙauye.

Kafin Kawu ya tafi na hau da shi rufin shago. Na ja yatsa a kan faifan, ƙura ta bar layi. Na sa mita ya ga lambar, na goge da jiƙaƙƙen tsumma, lambar ta ɗaga a kan idonsa. Na kuma gaya masa kada a manna faifai da kwano, a bar iska tana bi ta ƙasa, domin a ma'aunin zafi 25 ake auna ƙarfin da aka rubuta a jikinsa, duk abin da ya haura haka raguwa yake yi. Ya ce in rubuta masa lissafi, zai shawarci Inna.

Bayan azahar wata ma'aikaciyar jinya ta kawo waya, bakin caji ya lalace. A wani ƙaramin asibitin ƙauye take aiki. Ina narka dalma ina tambayarta labarin allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, domin na daɗe ina bin zancen. Ƙasarmu ce ta fara sa ta cikin rigakafin yara na yau da kullum a duniya, ranar 22 ga Janairun 2024, a garin Soa kusa da Yawunde, aka fara da gundumomin lafiya 42. Sunanta RTS,S, an shafe fiye da shekara 30 ana aikinta kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoban 2021. A gwajin da aka yi a Gana da Kenya da Malawi tun daga 2019, mutuwar yaran da suka isa karɓarta ta ragu da kashi 13 cikin 100. Akwai ta biyu, R21, ta jami'ar Oxford, wadda ake haɗawa a Indiya.

"Malama, iyaye na kawo yaran kuwa?"

"Suna kawowa, Malam. Ta farko da sauƙi, tun yaro na wata 6. Ta huɗun ce aiki, lokacin an yaye shi, uwa ta ga ya yi ƙwari."

Ta ce suna ta nanata wa mata cewa allurar ba ta ɗauke wa kowa gidan sauro ba, ba ta kuma maye gurbin maganin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina ba. Sai ta kawo abin da na san za a zo kansa, firiji. Allurar rigakafi tsakanin ma'auni 2 da 8 ake ajiye ta, in ta wuce haka ta tashi daga aiki ko da kwalbar na nan lafiya. Nasu mai sola ne, ta ce kowace safiya da yamma sai ta duba ma'aunin ta rubuta a takardar da ke manne a murfinsa. Na daɗe ina juya maganar nan. Binciken shekara 30, kuɗin da ba su ƙirguwa, tafiya daga wata nahiya, a ƙarshe komai ya rataya a kan ko an goge faifan da ke rufin asibitin. Ni da na yi jinyar ƙanwata tana ƙarama a kan wannan zazzaɓi, ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Na ce mata duk ranar da firijin ya nuna wata alama ta kira ni, ko da dare ne. Ban karɓi kuɗin gyaran ba.

Da la'asar abokina na Njamena ya kira ta WhatsApp, murya tas, yana ta yabon Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam da ya fara aiki a Chadi a 2025. Na fahimci murnarsa, ƙasar da ba ta da teku intanet ɗinta sai ya ratso ta maƙwabta. Taurarin suna yawo ne a nisan kilomita kamar 550, ba 36,000 na tsofaffin ba, shi ya sa ba jinkiri. Na tambaye shi da me yake kunna farantin idan an ɗauke wuta. Ya ce ai sola ya fara saye.

Bayan isha'i muka zauna a majalisa, hira ta koma kan fim. Kannywood ta bar faifan CD ta koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, mu kuma nan muna bin su kamar a Kano muke. Amma mutum nawa ne ke kalla a YouTube ɗin? Ɗaya zai sauke da dare lokacin da data ke da rangwame, da safe mai tura fim ya zuba wa layi guda a katin memori ko ta Xender. Wani a majalisar ya ce ai wanda ya sa a intanet ya bayar kyauta ne. Ban yarda ba, na kuma faɗa masa. YouTube kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla yake ba mai tasha, kuma sai an kalla a can ake ƙirgawa. Duk kallon da aka yi ta memori, mai ɗaukar hoto da mai haɗa sauti da yarinyar da ta wuni a rana tana haddace magana ba su ga ko dala ba. Ban ɗora wa masu turawa laifi ba, su ma abinci suke nema, kuma wanda wayarsa ke jiran layin caji ba zai ƙona batir da data a kan sa'a guda ta bidiyo ba. Ni dai abin da na ɗaukar wa kaina shi ne, shirin da nake so in buɗe shi a tashar masu shi, in bar tallar ta wuce. Wani ya kunna mana waƙar da aka haɗa da na'ura da muryar wani mawaƙi ba da saninsa ba, aka yi ta mamaki. Ni ban ji daɗinta ba, murya haƙƙin mai ita ce, na roƙe shi kada ya yaɗa.

Yanzu na dawo gida, an kawo wuta, na jona komai a caji. Ga takardar Kawu a gabana: firiza ɗaya babba, ƙwan lantarki biyu, fanka ɗaya. Abin da zan fi kula da shi shi ne inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, domin injin firiza yana jan wuta ninki da yawa a daidai lokacin tashi, ƙarami ba zai ɗauka ba. Zan ba shi shawarar ya daskarar da ƙanƙararsa da rana lokacin da faifai ke ba da ƙarfi, da dare a rage buɗe murfi, hakan zai rage girman batirin da zai saya. Gobe Lahadi kasuwar Pitowa ce, zai tafi da kaya tun da sassafe, sai Litinin in kai masa lissafin.