Yau muka kai Kawu makwancinsa

Talata, da dare, Zariya.

Da asuba aka buga mini waya cewa Kawu ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kamo hanya daga Kaduna ko karyawa ban yi ba, na tarar har an yi masa wanka an sa likkafani. Ƙarfe goma sha ɗaya aka yi salla a ƙofar gida, kafin azahar mun dawo daga maƙabarta. Jinyar ba ta yi tsawo ba, tsufa ne da ciwon ƙirji.

A zaman makoki tabarma biyu aka yi ba tare da kowa ya shirya hakan ba. Gefe guda tsofaffin sojoji, gefe guda tsofaffin ma'aikatan reluwe, kowane ɓangare na ganin nasu ne ya tafi. Sojojin suna kiransa Kofur. Sun ce a Dafo ta nan Zariya aka horar da su a 1967, lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke ake ɗibar samari ba ƙaƙƙautawa, har rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba ta kai wajen 250,000 kafin a ajiye makamai a Janairun 1970. Ni dai a bakinsu na fara jin wasu abubuwan yau. Kawu bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. In yaro ya matsa masa sai ya ce, "Allah kada ya maimaita mana," ya shiga wata maganar.

Amma a taɓo zancen ƙarfe, to ranar ba tashi. Bayan an sallame shi daga soja ya shiga reluwe, aka sa shi a kan injin sassaƙar ƙarfe, a nan ya ƙare aikinsa har ya yi ritaya. Shi ya fahimtar da ni cewa ƙafar jirgi tana cinyewa, musamman leɓen nan da ke riƙe ta a kan dogo, kuma in ta cinye ba jefarwa ake yi ba. Ɗora ta ake a kan inji a yi ta sassaƙa a hankali har siffarta ta dawo, kuma dole ƙafafu biyun da ke kan sanda ɗaya su fito daidai wa daida, in ba haka ba tarago ya riƙa cin gefe guda. Awonsa da kashi ɗaya cikin dubu na inci yake yi. Faɗin tsohon layin dogo, ƙafa 3 da inci 6, ya fi sunayen jikokinsa zama a kansa. Da aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016 na ce zan biya masa ya ɗana, ya ce shi bai san wannan jirgin ba, sabon layin ya fi nasu na da faɗi.

Wani dattijo da suka yi aiki tare ya ce a shekarun da kayan gyara suka daina zuwa daga waje, sai a kawo wa Kawu abin da ya karye, ya juya shi a hannu, ya auna, ya zaɓo guntun ƙarfe a cikin tarkace ya fitar da sabo. Ya ce kan jirgi nawa ne ya ci gaba da zuwa Gusau da Ƙauran Namoda da Nguru saboda irin wannan dabara, ba wanda ya rubuta. A ganina wannan ya fi lambar yabon da ke rataye a ɗakinsa nauyi, ko da yake tabarmar sojoji ba za ta yarda ba.

Bayan la'asar wani mutum ya zo daga Sabon Gari, Inyamuri, shi ma furfura ta fara masa. Ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Mama, ya haƙuri?" da Hausa tsantsa. Ashe ɗan maigidan Kawu ne a wurin aiki, wanda ya koya masa inji. Uban ya gudu gabas a 1966 kamar dubban ma'aikatan reluwe 'yan ƙabilarsa, bayan yaƙi ya dawo bakin aikinsa, aka ba shi tsohon sojan tarayya ya koyar. Ɗan ya ce shekara da shekaru suna cin abinci a kwano ɗaya, bai taɓa jin ɗayansu ya tambayi ɗaya inda yake a lokacin yaƙi ba. Inna ta yi kuka sosai a nan, fiye da na safe.

Da magariba aka fito da akwatin kayan aikinsa, kowane ma'auni a naɗe cikin tsumma mai mai. A cikin 'ya'yansa ba wanda ya gaji sana'ar, biyu malamai ne, ɗaya yana sayar da waya. Har an fara maganar a kai wa masu gwangwan, na ce a dakata tukuna. Akwai wani yaro a unguwar da ke gyaran injin niƙa, Kawu kan zauna a rumfarsa yana gyara masa hannu. Zan yi wa Yaya magana bayan sadakar uku, in magada sun yarda a ba shi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta. Gobe da sassafe ni zan je tasha ɗauko 'yan Gusau.